Akwatin Tambaya: Awaki biyu a turke ɗaya, ko mi ya sa mitar rediyon manhaja ke ƙin zama inda aka aje ta

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon akwatin namu masu rediyon manhaja ne suka cika shi, wato SDR, irin rediyon nan da babu abin murɗawa a jikinsa, kwamfuta ce ke gaya mashi mitar da zai kama ko wadda zai watsa a kai. Wallahi na sha mamaki, ni da nake zaton masu wannan haukan a duk Maradi ba mu wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ashe yara sun shigo da ƙarfinsu. Masu tambayar talabijin da batirin sola ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Kuma in kun ji na ce mita, mitar nan ce ta "kuna sauraronmu a kan mita kaza zangon FM", ba ta awon yadi ba.

Tambaya: Malam ina wuni, ya aiki ya zafi. Ni ɗalibi ne a jami'a nan Maradi shekarar ƙarshe, ina zaune Ali Ɗan Tsoho. Mu uku ne muke aikin kammala karatu da allon USRP B210 wanda malaminmu ya ara mamu, abin da muke so shi ne mu watsa sigina biyu lokaci guda, kafar A a kan 432 MHz kafar B a kan 438 MHz. To in na kunna A ita kaɗai lafiya lau tana fita 432 daidai, B ma ita kaɗai lafiya lau, amma da na haɗa su biyun cikin manhajar GNU Radio da muke tsara siginar da ita sai duka su taru a 438, muka juya lambobin muka ba A 438 muka ba B 432 sai duka suka koma 432, yau kwana tara ba mu barcin kirki, abokina ya ce allon ne ya ƙone kuma ga shi ba namu ba ne. Dan Allah Malam ƙonewa ya yi ko mi?

Amsa: Ɗana kwantar da hankalinka, ka je ka yi barci tukuna. Allon malaminku lafiyarsa lau, abin da aka ƙera shi ya yi shi yake yi.

Bari in ɗan koma baya. Zamanin da muke gyaran rediyon gida, kowace rediyo tana da wani ɗan sashe a ciki mai kaɗa mitarsa ta kansa, in ka murɗa neman tasha shi kake murɗawa ba tashar ba, sai a gauraya tasa da wadda ta shigo ta eriya a samu 10.7 MHz in FM ce ko 455 kHz in AM ce. Masu sana'a LO suke ce mashi, ni kuwa uwar mita nake kiranta don daga gare ta kowa ke fitowa. SDR bai kashe uwar mita ba, tana nan daram, abin da ya sake shi ne yanzu lamba ake aika mata maimakon a murɗa.

To cikin B210 ɗin nan akwai guntu ɗaya mai suna AD9361 na kamfanin Analog Devices, shi ne rediyon gaba ɗaya, daga 70 MHz har 6 GHz. Kafar watsawa biyu gare shi, kafar kamawa biyu, amma uwar mita biyu ce kacal a cikinsa: ɗaya ta watsawa ɗaya ta kamawa. Kenan A da B ɗinka uwarsu ɗaya. Ka ɗauka awaki biyu ne ka ɗaure a turke ɗaya, ka kafa turken a 432 don akuyar farko, sai ka zo ka tuge shi ka kai 438 don ta biyu, ina kake so ta farkon ta tsaya? Dole ta bi turke. Shi ya sa wadda aka saita daga ƙarshe ita ke cin nasara kullum, ka ma gani da idonka da kuka juya lambobin. Kuma ba rowa ce ta sa aka yi shi haka ba, an ƙera guntun ne don aiki irin na 4G inda eriya biyu ke watsawa a kan mita ɗaya tare, abin da ake kira MIMO, a nan kuwa uwa ɗaya ita ake nema don kafofin biyu su riƙa tafiya ƙafa da ƙafa. LimeSDR ma haka yake duk da guntunsa daban ne, bladeRF 2.0 kuwa AD9361 ɗin ne dai a cikinsa, don haka ko kun canza allo zuwa waɗannan turken ɗaya za ku iske.

Amma fa kowace akuya da igiyarta, kuma nan ne mafitarku take. Kafin sigina ta kai ga AD9361 sai ta ratsa ta wani guntu da ake ce ma FPGA, a can kowace kafa tana da nata lissafin da zai iya gusar da siginar sama ko ƙasa da uwar mita, A daban B daban. Sai ka kafa turke wuri ɗaya tsakaninsu ka hana kowa taɓa shi, A ta ja igiyarta ƙasa, B ta ja tata sama. Abin da ya faru gare ku shi ne kun rubuta lamba tsirara a gidan mita, shi kuwa UHD, manhajar da ke tuƙa allon, in ya ga lamba tsirara sai ya kai turken daidai kan lambar ya bar igiya a naɗe. Abin da za ka rubuta a gidan mitar kafar A cikin akwatin USRP Sink na GNU Radio shi ne uhd.tune_request(432e6, 2e6), a na kafar B kuma uhd.tune_request(438e6, -4e6). Lamba ta biyun nan tazarar da ke tsakanin mitar da kake so ne da inda turke zai zauna, ka haɗa ka gani: 432 da 2 ya ba da 434, 438 a cire 4 ya ba da 434. Duka biyun wuri ɗaya suka roƙa, babu mai tuge ma wani turke.

Na san za ka ce mi ya hana 435 tunda ita ce tsakiya cif, uku nan uku can. Ai ni ma da farko ita hankalina ya ba ni, kuma za ta yi aiki, sai dai akwai tarko. Irin wannan rediyon kowace sigina da ya watsa tana da ƴar inuwa a ɗaya gefen uwar mita, nisa ɗaya, saboda rassa biyu da sigina ke bi a cikin guntun, waɗanda ake kira I da Q, ba su taɓa daidaita ɗari bisa ɗari. Guntun yana ƙoƙarin danne ta da kansa, tana raguwa ƙwarai amma ba ta mutuwa. In turke na 435, inuwar 432 za ta faɗa a 438, wato bisa kan B daidai, ta B kuma ta faɗa bisa kan A, sai ku zo awon tsabtar sigina ku ga datti ku rasa daga ina yake. In kuwa 434 ce inuwar A tana 436 ta B tana 430, kowa ya kauce ma kowa. Sannan za ku ga wani siririn tsinke tsaye a 434 ko ba ku watsa komi ba, yoyon uwar mita ne, kar ya tsorata ku, gara ma da yake can gefe da a ce yana tsakiyar siginarku.

Saura tsawon igiya. Agogon cikin allon, wanda ake saitawa da master_clock_rate, yana kaiwa 61.44 MHz in kafa ɗaya kake aiki da ita, amma da ka buɗe biyu ba ya wuce 30.72 MHz. Igiyar kowace kafa rabin wannan ne ta kowane gefe a takarda, wajen 15 MHz kenan, a aikace kuwa kar ka kai ta baki don rariyar da ke tace sigina tana fara cinye ta tun kafin can. Tazararku 6 MHz ce, kuna cikin yalwa. Ku rubuta agogon da hannunku kar ku bar shi ya zaɓa, kuma yawan samfurin da kuke aikawa a daƙiƙa, wato ƴan lambobin da kwamfuta ke yanka sigina ta tura ma allo, ya zama yana raba agogon ba saura, misali 30.72 da miliyan 1.92 ko 3.84, in kuwa miliyan 1 cif kuke so to ku sa agogon 30 ko 24. Kafofin biyu kuma yawan samfurinsu ɗaya ne dole. Wani abin da ke kada mutane, akwai gidan faɗin rariya a akwatin, in ka taɓa rubuta 1 MHz a can don siginarka siririya ce to ka datse igiyar da kanka, rariyar daga turke take aunawa ba daga akuya ba, B da ke nisan 4 MHz za ta fito a shaƙe ko ma ba ta fito ba. Ba ta 12 ko sama.

Gwajin kuma ta waya za ku yi shi ba ta iska ba, ku sa maragin ƙarfi na aƙalla 30 dB tsakanin bakin watsawa da bakin kamawa. Wannan in kuka manta shi to a nan ne maganar abokinka za ta tabbata, kunnen allon zai ƙone da gaske.

Tambaya: Malam ni ne abokin da ya ce ya ƙone, na ji kunya. To amma ni tun farko 433.92 MHz da 868 MHz na so mu yi don su ne na ƙananan na'urorin awo da ake sayarwa, wannan dabarar za ta yi?

Amsa: Ba za ta yi ba ɗana, kuma kar ka ɓata dare a kanta. Tsakanin mitocin nan akwai wajen 434 MHz, igiyarku duka biyu in an miƙe su ba su kai 31 ba. Abin da allo ɗaya zai iya maka shi ne ya watsa a 433.92 yana sauraren 868 a lokaci guda, ko akasin haka, don na ce maka uwar watsawa daban ta kamawa daban. In dole sai watsawa biyu tare to allo biyu ne, a ba su agogon waje ɗaya na 10 MHz da bugun daƙiƙa ta bakunan da aka tanada a jikinsu don kar kowa ya yi nasa lokaci, ko kuma babban yayansu X310 mai ɗaukar katin rediyo biyu kowane da uwarsa, wanda kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne. Akwai hanyar talaka, a riƙa tsalle, a watsa nan a koma can, amma ka sani in tsallen ya wuce 100 MHz sai UHD ya sa guntun ya sake daidaita kansa, kuma kafin ya natsu akwai ɗan jira, duk abin da ka tura cikin wannan jiran ya tafi a banza. Ga na'urar awo mai aiko da lamba sau ɗaya a minti wannan ba komi ba ne. Ga murya ko hoto ba ya yi.

Tambaya: Malam barka da war haka. Ni dattijo ne a Tsibiri, tsohon ma'aikacin sadarwa, na aje aiki, kuma ina da takardata ta masu rediyon sha'awa. Ɗana ya aiko mani rediyon manhaja ADALM-Pluto munka haɗa da kwano da LNB don in shiga tauraron QO-100. Ji kam ina ji sarai, amma in na watsa sai in iske muryata ba inda na lissafa ba, ta yi ƙasa da kamar 24 kHz, kuma ba ta tsayi wuri guda, ta safe daban ta azahar daban, ina cikin magana tana zamewa har wanda muke zance da shi ya ce shina bina da gudu. Yaran da sunka haɗa mani sun ce a sayi wani. Mi kake gani?

Amsa: Ranka ya daɗe Baba, ai ku ne malamanmu, mu dai tuni kawai za mu yi maka. Kar a sayi wani, sabon ma da halinsa zai zo.

Ga masu karatu da ba su san shi ba, QO-100 wani sashe ne a cikin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar da aka harba a watan Nuwamba 2018, yana tsaye wajen digiri 26 gabas, kusa da inda masu kallon Arabsat ke juya kwanonsu, kuma duk Afirka tana ƙarƙashinsa. Ana hawa ta 2400 MHz a sauko ta 10489.5 MHz, bambancin hawa da sauka 8089.5 MHz ne ba ya canzawa. In Baba ya watsa a 2400.200 ya kamata ya ji kansa a 10489.700, LNB kuma ta cire 9750 ta miƙo mashi 739.700.

To a gidanka Baba maƙaryata biyu ne, kuma sai an raba su kafin a san na wa ya fi. Duk wata uwar mita daga ɗan dutsen kiristal take samun lissafinta, ninka shi kawai take yi, in ya yi kuskure kaɗan sai ta ninka kuskuren tare. Na cikin Pluto 40 MHz ne, kuma masu shi sun faɗa da bakinsu cewa zai iya kaucewa har kashi 25 cikin miliyan, abin da ake rubutawa ppm. A FM wajen 100 MHz wannan 2.5 kHz ne, babu mai lura. A 2400 MHz kuwa 60 kHz ne, alhali duk faɗin muryar da aka yarda da shi a tauraron 2.7 kHz ne, ka ga mutum zai iya faɗawa gonar maƙwabci na ashirin bai sani ba. Maƙaryaci na biyu yana bisa kwano cikin rana, LNB, ita kashi 1 kacal cikin miliyan a 9750 MHz ya kusa 10 kHz, ga ta kuma a waje tun hantsi rana na dukanta, a watan Afrilu da Mayu nan garin zafi na wuce digiri 40 a inuwa balle bisa rufin kwano.

A fara da kunne. Tauraron yana da fitilun shaida da ba su motsi, akwai ɗaya a tsakiya a 10489.750, manhaja irin SDR Console tana iya kama ta ta riƙe, duk inda LNB ta zame sai ta bi ta ta gyara. In an yi wannan to kunnenka ya daina ƙarya, abin da ya saura na bakin ne. Sai ka bar Pluto a kunne ya yi kamar rabin awa ya ɗauki zafinsa, ka watsa ɗan sauti siriri da ƙaramin ƙarfi a wurin da ba kowa, ka duba inda ya faɗo. In har bayan an riƙe fitilar 24 kHz ɗin nan ce dai a ƙasa, lissafin a fili yake: 24 kHz cikin 2400 MHz kashi 10 ne cikin miliyan, kashi 10 cikin miliyan na 40 MHz kuwa 400 Hz ne, kenan dutsenka 39,999,600 yake bugawa ba 40,000,000 ba. Pluto yana da wurin da ake gaya mashi gaskiyar dutsensa, xo_correction, yaran su shiga su rubuta mashi wannan lambar su sake kunna shi, zai gyara lissafinsa.

Wannan yana maganin kaucewa amma ba ya maganin zamewa, don zamewar zafi ne, da ka danna watsawa allon ya ƙara ɗumi dutsen da ke jikinsa ya motsa. Ƴar fanka da nisanta shi da amfilifaya suna ragewa. Maganin gaske a canza dutsen da mai rama zafi, TCXO na rabin kashi cikin miliyan, wanda a 2400 MHz bai wuce 1.2 kHz ba, ko a ba shi agogon waje mai bin GPS, sababbin Pluto daga zubin C zuwa sama suna da ɗan bakin karɓar agogon waje a kan allo. Canza dutsen aikin mai hannu ne, ƙanƙane ne ƙwarai, a kai ma yaran nan masu gyaran salula da ke da injin iska mai zafi, kar a sa mashi kan gogar da muke like wayar rediyo da ita. LNB kuma a yi mata ƴar rumfa ta roba ko kwali daga sama, kar dai a tare mata gaba.

Tambaya: Malam ni malama ce ina koyar da lantarki, ina unguwar Zariya. Na bi irin dabarar raba mita amma a cikin kwamfuta na yi gusarwar, samfur miliyan 10 kowace kafa. Sigina tana fitowa tana yankewa tana watsuwa ko'ina a allo kamar mitar na tsalle, ƙasan GNU Radio kuma harafin U ne ke ta zuba UUUU, abin ya fi muni in an ɗauke kuran.

Amsa: Malama sannu da ƙoƙari. Mitarki ba ta tsalle, yunwa allon ke ji. U ɗin nan UHD ne ke cewa samfur ya ƙare mashi kafin kwamfuta ta kawo wani, da ya rasa abin watsawa sai a samu giɓi, kowane giɓi kuma a hoton mita fantsama yake yi kamar an jefa dutse a kwano. In O kika gani to ɓangaren kamawa ne ya cika ya zube.

Yi lissafin da kanki: kowane samfur bayit 4 ne, kafa biyu, sau miliyan 10, megabayit 80 kenan a daƙiƙa. USB 2.0 ko a takarda 60 ce iyakarta kuma ba ta kaiwa. Sai ki duba ko a bakin USB 3.0 kika soka, mai shuɗin ciki, da wayar da ta dace gajera, ba ta cikin mahaɗin nan mai baki huɗu ba. Maganar ɗauke kuran kuwa ita ta tona asirin, laftof in ta koma kan batir rage gudunta take yi don tsimi, haka in ta yi zafi, sai ki shiga saitin wuta ki hana ta. In akwai akwatin Throttle, mai rage gudun samfur, a zanenki na GNU Radio cire shi, ba a haɗa shi da allo na gaske, agogo biyu ne za su yi ta faɗa. Amma shawarata ta gaskiya ki sauke ma kwamfutar kayan, ki bar FPGA ta yi gusarwar kamar yadda na gaya ma ɗalibin can, sai ki sauko miliyan 1.92, megabayit 15 da ɗoriya kenan, ko tsohuwar laftof za ta ɗauka tana dariya. Gusarwa a kwamfuta tana da ranarta, in kina so sigina biyu su fita ta baki ɗaya, amma a nan ki tuna in an tara su tsayinsu kar ya kai 1.0, ba kowace 0.4, in ba haka ba allon zai aske masu kai ya haifar da datti a mitocin da ba ki roƙa ba.

Tambaya: Malam ina da rediyon manhaja HackRF One, ina so in buɗe tasha biyu a unguwarmu Sabon Gari, ɗaya wa'azi a 95 ɗaya waƙoƙi a 107, in sa amfilifaya. Ya zan saita?

Amsa: Ƙanena ba zan saita maka ba. HackRF kafa ɗaya gare shi, kuma ko dai ya watsa ko ya saurara, ba ya yin biyun tare, don haka sai dai ka cusa tashoshin biyu ta baki ɗaya cikin amfilifaya ɗaya. Ka san abin da ke fitowa in mita biyu suka matsu a amfilifayar kasuwa? Ƴaƴa suke haifa. Ninka 107 ka cire 95, 119 MHz kenan, daga 118 zuwa 137 kuwa nan ne matuƙan jirgin sama ke magana da hasumiya, ga filin jirgi nan a garinmu. Ban da waɗanda za su fito a ninkin kowace mita, don abin da HackRF ke fitarwa sai an bi shi da rariya. Zangon 87.5 zuwa 108 kuma ba fili ne na Allah-ba-ku ba, a ƙasar nan hukumar ARCEP ke kula da rabon mita, tashoshin da kake ji duk da takardunsu. In koyo kake so, haɗa shi ta waya da maragin ƙarfi zuwa RTL-SDR, ƴar sandar kamawa da ake sokawa a bakin USB, ka watsa ma kanka cikin ɗaki har ka gaji. In kuma iskar ce ke ranka nemi takardar masu rediyon sha'awa irin ta Baba na Tsibiri, ka samu lambar kira mai farawa da 5U.

Tambaya: Malam da sandar RTL-SDR nake auna B210 ɗina, na sa 435 MHz ita kuma tana nuna mani ya kauce da wajen 20 kHz. Wanne zan yarda da shi? Daga wani mai gyaran salula a babbar kasuwa.

Amsa: Abokin sana'a, yarda da B210. Dutsensa mai rama zafi ne na kashi 2 cikin miliyan, a 435 MHz kuskurensa bai wuce 870 Hz ba. Ita kuwa sandar, asalinta ta kallon talabijin ce, wajen 2012 ne masu bincike suka bazu da dabarar mai da ita rediyo, kuma masu arhar dutsensu na 28.8 MHz yakan kauce da kashi gommai cikin miliyan. 20 kHz a 435 MHz wajen kashi 46 ne, wannan halin sanda ne sak. Ka auna mudu da mudun da ba a auna ba kenan.

Ma'aunin gaskiya yana bisa kanka kyauta, eriyar kamfanonin salula. Tashoshin GSM ƙa'idarsu kar su kauce fiye da kashi 0.05 cikin miliyan, kuma suna watsawa tsakanin 935 da 960 MHz. Akwai ƴar manhaja kalibrate-rtl, ka bar sandar ta yi minti goma sha biyar a kunne ta yi ɗumi, ka sa ta nemo tasha mafi ƙarfi a zangon 900, za ta ba ka lambar ppm, sai ka zuba lambar a gidan gyaran mita na manhajar da kake kallo da ita ka sake duba 435 ɗin. Rubuta lambar a jikin sandar da alƙalami don kowace sanda da tata, kuma wadda ka auna da sanyin Janairu ka sake auna ta in Afrilu ta shigo.